Ajin da Raƙumi da Awaki Suka Cinye

Akwai ranar da ba ta fita a kaina: Lahadin da na ratsa gari da gudu, rabin kaina a aske, rabi da gashi, ina neman ceton aji daga bakin dabbobi.

Sunana Illa. Ni ne gardin wani kolej na karkara a ƙasar Dungas, kusa da hanyar da ake bi a je Mallawa. Ku da kuka shigo aikin gadi a bayana kun ce in ba ku labari ɗaya. Ga shi. Ba ni da dogon zance.

Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Na yi haƙar rijiya, ta rufta da ni, aka jawo ni da rai. Na yi dako a Kano. Na je haƙar zinariya a arewa, na dawo ba zinariya, ba yatsu biyu na hannun hagu. Da gwiwa ta fara ciwo, kwamitin iyayen yara suka ba ni gadi da ɗan ɗaki a bakin filin lakol. Ku riƙe wannan: a irin wurinmu ba gwamnati ke ɗaukar gardi ba. Iyaye ke ɗauka, iyaye ke kora. Shugabansu a lokacin Alhaji Habu ne, mai sayen gyaɗa da wake.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. In share fili. In buga ƙarfen shiga da na fita, wato tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro. In kori dabbobi. Wannan na ƙarshe shi ne aikin, don lakol ɗinmu ba ta da katanga, ba ta da shinge. Ajujuwan gini biyu ne kawai. Sauran duka rumfuna ne na zana da kara. Kowace shekara sai an gama girbi iyaye su kawo kara da itace, a kafa, a ɗaure, a shigar da tebura. Damina ta zo ta kwashe, baɗi a sake. Mu mun saba.

Ina da doka ɗaya da na zo da ita daga yawon duniya: ka gani, ka yi shiru. Duk inda na yi aiki, mai magana ake fara kora.

Yaran suna da ƙungiyarsu. Farkon kowace shekara su taru su zaɓi shugabanni, su suke ce wa biro. Babban cikinsu shi ne esje. Suna kiran juna kamarad. Suna da usur guda, in aka busa shi kowane yaro ya fito daga aji, karatu ya tsaya. Wannan ne yajinsu. Ni a wurina ƙungiyar hayaniya ce kawai, da ƙarin shara.

A shekarar suka zaɓi yarinya, Fassuma, 'yar ajin ƙarshe da ake kira tarwaziyam, masu jarrabawar birbe ta gama kolej. 'Yar siririya ce, daga wani ƙauye take, tana zaune wurin goggonta a gari. Ba ta da murya. Mataimakinta Lawali shi ke da murya, shi ke riƙe da usur, kuma ko atishawa zai yi sai ya duba ko ana kallonsa. Suna taronsu a ƙarƙashin dogon yaro, kusa da ɗakina, don haka ina ji ko ban so ba. Abu ɗaya na lura da shi. Fassuma ta kafa cewa ba mai magana sai ya ɗaga hannu, kuma wanda ya ɗaga sai an ba shi, ko da ɗan sabon shiga ne mai majina. Na ce a raina, wasan yara.

Sai batun rago. Ƙarshen shekara suna yin biki. A da tara kuɗi suke, a ƙare da rigima. Fassuma ta ce a sayi ɗan rago tun yanzu a yi kiwo, kowa ya kawo abin da ke gidansu, mai dusa dusa, mai harawa harawa. Aka ɗaga hannu, aka yarda. Suka ɗaure shi a bayan ɗakina. Suka sa masa suna Tirezoriye, wato ma'aji, don duk dukiyar ƙungiya a cikinsa take. Ni da shi ba mu shiri. Satin farko ya cinye bakin malafata.

Wata Asabar da yamma, a cikin Nuwamba, Fassuma da Lawali da wasu biyu na biro suka zo da amalanken jaki cike da harawa. Mai kyau, kore shar, ƙamshi har hanya. Suka tsaya neman wurin ajiya. Lawali ya dubi rumfar tarwaziyam, ita ce sabuwa, ita ta fi ƙwari. Ya hau, suna miƙa masa, ya jera a kan rufi.

Ina zaune ina gani. Da sun tambaye ni, nan zan nuna musu. Duk ƙasar nan a kan rumfa ake ɗora harawa, tun kakanni. Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne rumfar gida tana cikin danga. Tamu a fili take, kuma a satin ne aka saki gonaki, dabbobin gari duka suna yawo yadda suka so.

Lahadi da hantsi na shiga gari aski. Wanzami ya gama gefen dama, ya jiƙa na hagu. Sai ga wata mata da tulu a ka, ta tsaya.

“Illa, kana nan ana yi maka kwalliya, raƙumi na can yana cin lakol!”

Na tashi da tsumman wanzami a wuya.

Raƙumin wani mai dakon gero ne, ya tsinke daga inda aka ɗaure shi. Shi ya fara. Ya miƙa wuya ya ja harawa, harawa ta ja rufi, rufi ya zauna a kan tebura. Daga nan awaki suka karɓi aiki. Ban san garinmu na da awaki haka ba. Jakuna biyu suna jan zana ta baya. A tsakiya, daidai inda malami ke tsayawa, ga Tirezoriye da guntuwar igiya a wuya, yana tauna yana dubana.

Na yi ta duka da ihu. In na kori na gabas, na yamma su dawo. Kafin in gama, aji ya zama sanduna da allo. Harawa ko ganye ɗaya bai rage ba. Sun cinye har shaida.

Litinin da safe Direkta ya zo, ya tsaya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Aka aika wa Alhaji Habu, ya zo a kan moto, wato babur. 'Yan tarwaziyam suna tsaye a rana da jakunkunansu.

Alhaji ya ce, “Illa, ina kake da abin ya faru?”

Na ce, “Aski.”

Ya ce, “Cire hula.”

Na cire. Yara suka fashe. Har Direkta ya juya baya yana tari.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, “Rumfunan nan sun kwana biyu a nan, raƙumi bai taɓa su ba. Me ya kawo shi kan wannan?”

Na ce, “Yunwa, Alhaji.”

“Shi ke nan abin da ka sani?”

“Shi ke nan.”

Ya ce kwamiti zai zauna Alhamis. In ba wata magana, in ɗaure kayana in bar ɗaki. Kowa ya san yana da ɗan ƙane da ke zaune ba aiki.

Ga dalilin shirun nawa. Wata guda kafin nan yaran sun yi yaji, aka fasa taga. Direkta ya rantse a gaban kowa cewa duk ɓarnar da ta sake fitowa daga biro, zai rushe ƙungiyar ya kori shugabanninta. Kora a shekarar birbe ba ƙaramin abu ba ne. Ni kuwa an kore ni sau da yawa, na san hanyar.

Amma in faɗa muku gaskiya, wannan karon ban san inda zan nufa ba. Gona ba ni da ita. Rijiya ba ta karɓar mai ciwon gwiwa. Ɗakin nan shi ne wuri na farko da na rataye riga a ƙusa na same ta a nan bayan shekara. Na mayar da hula, na ƙudura ba zan sake barin filin ba ko da taku ɗaya, ko don ƙarasa aski.

Talata lokacin hutun ƙarfe goma biro suka ɓuya a bayan ɗakina, kusa da ragon. Zana ce tsakaninmu. Lawali ya fara, yana rage murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

“Kamarad, abu mai sauƙi ne. In busa usur. Mu ce ba aji, ba karatu. Mu ce a bar mana gardinmu. Mu fita har gaban meri, ofishin magajin gari. Dole su bar shi.”

Fassuma ta ce, “Harawar fa?”

“Wace harawa? Tana cikin raƙumi, raƙumi ya kama hanyar Najeriya.”

“Baba Illa ya gani.”

“Baba Illa ko sallama da ka yake amsawa. Wa zai faɗa wa?”

“Wato mu kayar da aji, sannan mu yi yaji don an kayar da aji.”

“Dabara ke nan, kamarad esje.”

“In iyaye suka ce ba su fasa ba fa? Mu koma aji, shi ya tafi.”

Lawali ya ce, “To in muka faɗa, mu za mu tafi. Ke kin shirya komawa ƙauye? Ni babana sai ya ɗaure ni tare da shanu.”

Na fita na buga ƙarfe.

Laraba da la'asar ina zaune ina ɗinke bakin buhun kayana, sai ga Fassuma ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa da ka.

Ta ce, “Baba, me ya sa ba ku faɗa ba?”

“Faɗa me?”

“Kun sani.”

“Je ki yi karatu.”

“A ina? An cinye ajin.”

Na kusa dariya, na danne. Na ce, “'Yata, an kore ni a wuraren da suka fi nan inuwa. Ban mutu ba.”

“In kun tashi nan, ina za ku?”

“Inda ƙafa ta kai.”

Ta dubi gwiwata. Ta ce, “Amma ba ku kuka ɗora ba.”

Na ajiye allura. Na yi mata magana mafi tsawo da na yi a shekarar. Na ce, “Fili aka ba ni, da abin da ke cikinsa, har da ku. Wanda aka ba abu, shi ake tambaya. Ba ya nuna na ƙasa da shi. A rami haka muke yi. In ƙasa ta zubo, shugaban masu rami ke amsawa, ba mai jan guga ba. Tashi ki tafi.”

Ta daɗe a durƙushe tana wasa da bakin hijabinta. Sannan ta ce, “To ni ma an ba ni.”

Ta tafi. Ban gane ba. Na ci gaba da ɗinki.

Alhamis kwamiti suka zo, dattawa da mata biyu, aka shimfiɗa musu tabarmi a gaban ofishin Direkta. Na buga ƙarfen hutu. Sautin bai gama mutuwa ba na ji usur. Na ce shi ke nan, Lawali ya yi nasara, yanzu za a haɗa mini da laifin tayar da yara.

Amma ba su nufi hanya ba. Suka taru a ƙarƙashin dogon yaro suka zauna. Fassuma ta je gaban kwamiti ta durƙusa. Ta ce suna roƙon iyayensu da Direkta su matso su ji magana kaɗan kafin a yanke hukunci, kuma ba za su ci lokacin karatu ba. Direkta ya ɗaure fuska. Ɗaya daga cikin matan kwamiti ta ce, “Mu je mana, 'ya'yanmu ne, ba kuraye ba.” Aka jawo tabarmi.

A nan sai in yi muku bayani. Ƙungiyar tana da wata al'ada da suke kira otokiritik. Shugaba ya tashi a gaban taro ya faɗi laifin kansa da bakinsa, sannan taro ya yanke abin da za a yi da shi. Na sha jin suna yi a kan ƙananan abubuwa, wane ya makara, wane ya ɓatar da alli. Ban taɓa jin an yi a gaban manya ba.

Fassuma ta hau benci. Muryar dai ta fita.

“Kamarad, ni Fassuma, esje, ina da laifi. Ranar Asabar mun kawo harawar rago. Ni na yarda a ɗora ta a kan rufin tarwaziyam. Ita raƙumi ya biyo. Baba Illa ya sani, ya yi shiru don kada a kore mu. Ni ma na yi shiru kwana uku, wannan laifi na biyu ne. Ni aka ba biro, ni za a tambaya.”

Sai Tirezoriye ya yi kuka daga bayan ɗaki.

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Lawali yana zaune yana kallon usur kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ɗaga hannu, rabi-rabi. Ta ce, “Kamarad Lawali.”

Ya tashi. “Ni na hau. Ni na jera.” Ya ƙara da cewa, “Kuma na jera da kyau, raƙumin ne dogo.”

Sauran biyun ma suka tashi.

Yara suka rikice. Wani ɗan tarwaziyam ya ɗaga hannu, aka ba shi, ya ce kwana huɗu suna karatu a rana kamar barkono, a sauke biro. Wata ta ce in aka sauke mai faɗin gaskiya, wa za a ɗora, maƙaryaci? Fassuma ta bar kowa ya faɗi tasa, har masu zaginta. Sannan da bakinta ta ce, “Wanda ya ga a sauke mu, ya ɗaga hannu.”

Hannaye suka tashi, ba kaɗan ba. Ta ce, “Wanda ya ga mu zauna mu gyara.” Waɗannan suka fi yawa.

Ta juya wurin manya. Ta ce ƙungiya za ta tayar da ajin da hannunta. Kowane ƙauye zai kawo kara. Zana kuma za a ba mai saƙa ragon, ya ba su zana. Lawali ya dafe kai. Ta ce hukuncin Direkta kuma suna jira.

Direkta ya yi ta Faransanci, ban ji ba, na dai ga yatsa yana yawo. Da ya dawo Hausa ya ce ya rantse zai kori wanda ya kama da ɓarna, amma waɗannan bai kama su ba, su suka kawo kansu. Zai rubuta musu gargaɗi, kuma a kira iyayensu.

Na ɗauka an gama. Sai Alhaji Habu ya gyara zama.

“Yara sun yi abin kirki, Allah ya yi musu albarka. Amma gardi ya bar wurin aiki ko bai bari ba? Yau harawa ce, gobe wani abu ne. Dabba ba ta hutu. Wurin nan yana son matashi mai gudu.”

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Na ga ɗakina yana tafiya.

Fassuma tana kan benci har yanzu. Ta ce, “Akwai mai magana?” Ba taro ta duba ba. Ni ta duba.

Ban san yadda aka yi ba. Hannuna ya tashi, kuma na hagu ne, mai yatsu uku. Wani yaro ya ce, “Wannan ƙuri'a ba ta cika ba!” Dariya ta tashi. Fassuma ta jira suka lafa, ta ce, “Kamarad Baba Illa ke da magana.”

Na tashi. Na fi jin tsoro a kan ranar da rijiya ta rufta.

Na ce, “Alhaji, ko wa kuka kawo, mutum ɗaya ne. Fili kusurwa huɗu. A yi shinge.”

“Da wane kuɗi? Ka san tsadar waya?”

“Ƙaya yanzu. Aguwa in bazara ta zo. Irin na gonarku.”

Ba wani ilimi ba ne. Kowane yaro a wurin ya san aguwa, a sara a soka a ƙasa ta kama, dabba ba ta ratsa ta. Matar kwamitin nan ta ce, “Ai kuwa. Mu duka gonakinmu a killace, 'ya'yanmu a fili.”

Direkta ya dube ni ta saman tabarau. “Baba Illa, duk shekarun nan kana bin awaki da sanda. Me ya hana ka faɗi wannan tuntuni?”

Na ce, “Ba a tambaye ni ba.”

Fassuma ta ce, “Ba a tambaya, Baba. Ɗaga hannu ake.”

Na zauna.

Alhaji ya ga inda iska ta juya, amma bai saki duka ba. Ya ce to, in aji ya tashi kafin Litinin da safe, kuma ƙaya ta zagaye rumfunan, Illa ya zauna. In ba haka ba, maganarsa tana nan.

Asabar bayan sallar asuba na ɗauki dagi na fara haƙa ramukan sanduna. Haƙa dai na iya. Ban sa ran kowa da wuri ba, yara da Asabar sai a hankali. Ina rami na uku na ji ana jan ƙasa a bayana. Fassuma ce da ƙwarya. Ta ce ta lura kullum ni nake fara zuwa wurin kowane aiki, shi ya sa ta riga sauran. Na ce ta rage magana ta ja ƙasa.

Hantsi na ɗagawa amalanke suka fara shigowa, na shanu, na jakai, wasu yaran da damin kara a kan keke. Daga ƙauyen Fassuma har da babanta, ya zo amsa kiran Direkta, ya gama faɗansa, ya tuɓe riga ya kama ɗauri. Lawali ya sami abin yi da usur: busa ɗaya a ɗaga, busa biyu a ajiye. Ya busa har leɓensa ya kumbura. 'Yan mata suka raba igiya, maza suka tafi saran ƙaya. Fassuma ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Tana zuwa wurin mutum ta ce, “Kamarad, wanne za ka iya?” Ya faɗa da bakinsa, sai kunya ta hana shi gudu. Na yi aiki ƙarƙashin iyayen gida da yawa, masu bulala da masu zagi. Ban ga wanda ya fitar da aiki daga jikin mutane kamar yarinyar nan ba.

Da rana mai saƙar zana ya zo da kayansa, ya kama igiyar Tirezoriye. Lawali ya raka su har hanya yana cewa, “Kamarad ma'aji, ka tafi da asusu gaba ɗaya.” Ni ban raka ba. Malafata na tuna.

Lahadi da la'asar muka ɗaure zana ta ƙarshe. Ƙaya ta zagaye. Awaki suka zo suka tsaya a waje suna kallo, kamar masu bin gaisuwar mutuwa.

Litinin da safe Alhaji Habu ya zo a kan moto. Ya shiga ajin. Ya girgiza sanda, ba ta motsa ba. Ya girgiza wata. Ya zagaya shinge har ƙaya ta kama masa babbar riga. Ya dawo ya tsaya a gabana.

Ya ce, “To.”

Na ce, “To.”

“Buga ƙarfenka, yara na jira.”

Na buga. Ban taɓa jin ƙarfen ya yi daɗi haka ba.

Lokacin hutu sai ga wanzami da zabirarsa, Lawali na gaba yana buɗe masa hanya. Wai biro sun zauna, sun ɗaga hannu, sun yanke cewa tun da gardi ba ya barin fili, aski ya zo ya same shi. A ƙarƙashin dogon yaro aka ƙarasa mini, lakol duka na kallo. Da aska ta sauka suka tafa.

Bikin ƙarshen shekara shinkafa da wake aka ci, ba nama. Aguwa ta kama da ruwan farko, yanzu ta fi ni tsawo. Fassuma ta ci birbe ta tafi lise, makarantar gaba da kolej, a Magarya. In ta zo hutu tana biyowa ta durƙusa ta gaishe ni, kuma yanzu da baki nake amsawa. Lawali ya maimaita aji, aka zaɓe shi esje. Shi ya kafa cewa duk sabon biro sai ya zo wurina kafin ya fara aiki. Suna zuwa su zauna a ƙasa, suna jiran dogon jawabi. Abu biyu nake gaya musu. Na farko nawa ne: abin da aka ba ka, kai za a tambaya, kada ka nuna na ƙasa da kai. Na biyu na Fassuma ne, kuma nakan faɗa musu nata ne.

Ku ma shi zan bar muku. Aikinmu yana sa mutum ya ɗauka shi da ƙofa ɗaya ne, a buɗe shi a rufe shi. Na yi shekaru ina gudu da sanda a kan abin da kalma uku ta gyara, don na yarda cewa mai magana ake kora. Shiru ya kusa fitar da ni daga ɗakina. Yaran da kuke kora daga kan tebura, ku riƙa sauraron taronsu. In kuna da magana, kada ku jira a tambaye ku. Ku ɗaga hannu, ko yatsu nawa ne a jiki.

Bana ma suna da rago. Harawarsa tana can saman dogon yaro, inda wuyan raƙumi ba ya kai. Ni na kawo shawarar. An ƙirga hannaye, ta wuce.